Kwalba 34 a takarda, huɗu ke motsi

Kafin sabis ya miƙo mana takardar jerin abin sha na riga na ga abin da zai ɓata mini rai. Kwalaben jan ruwan inabi, wato giyar inabi, suna tsaye a jere a kan wata doguwar kanta, daidai saman injin gahawa, taku uku daga tagar da ake miƙo abinci daga kicin, an kuma kunna musu ƙananan fitilu daga ƙasa don su ɗauki ido. Sun ɗauki idon kuwa. Sai dai na yi shekara bakwai ina yawo da tire a irin waɗannan gidajen abinci masu rassa, na sha miƙa hannu in sauko da kwalba daga irin wannan kantar in ji ta da ɗumi kamar wadda ta wuni cikin mota a rana.

Uwar ɗakina ce ta gayyace ni. Ita ta koya mini zare toshiyar kwalba ba tare da na karya ta ba, ita kuma ta tsaya mini ranar da na ɓarar da kofi shida a tebur ɗaya a makona na farko. Ta bar aikin, nima na bari. Shekara huɗu ke nan da likita ya raba ni da sha, don haka muka raba aiki: harshe nata, ido da hanci da lissafi nawa. Gidan reshe ne na wani kamfani mai rassa barkatai, irin wanda in ka shiga ɗaya ka shiga duka, kujera iri ɗaya, kiɗa iri ɗaya, har murmushin mai tarbar baƙi iri ɗaya. Ba zan kama suna ba, domin abin da na tarar a can ba halinsu ba ne su kaɗai.

Takardar shafi biyu ce, an lulluɓe ta da leda mai ƙyalli don a riƙa goge ta da tsumma. Na ƙirga: biyar masu kumfa, goma sha biyu farare, uku ruwan hoda, goma sha huɗu jajaye, 34 ke nan. Goma sha ɗaya ana sayar da su kofi-kofi. Babu ko ɗaya da aka rubuta shekarar girbinsa. Wannan ba mantuwa ba ce. A hedikwata ake buga takardar sau ɗaya a rarraba wa duk rassa, ta shekara ko fiye tana aiki, kuma kafin ta tsufa kayan da ke sito sun canza shekara sau ɗaya ko biyu. In an rubuta shekara, kullum sai wani kwastoma ya kama su da saɓani, sai aka huta aka cire. Ga jan ruwan inabi na yau da kullum abin bai dame ni ba. Amma fari irin su Pinot Grigio da Sauvignon Blanc, da duk wani ruwan hoda, darajarsu a ƙuruciyarsu take. Shekara ɗaya, biyu, daga nan ƙamshin sai ya fara zubewa. Kuma mutum ya tuna cewa ƙasashen kudancin duniya, su Chile da Ajantina da New Zealand, tsakanin Fabrairu da Afrilu suke girbi, wata shida kafin Turai, don haka kwalbarsu ta girmi takwararta ta Italiya mai shekarar girbi ɗaya da ita. Na roƙi a nuna mini kwalbar ruwan hodan. Shekararta uku. Muka tsallake ta.

Wanda bai taɓa aiki a ciki ba yana zaton akwai wani a gidan da ya zauna ya ɗanɗana ya zaɓa don ya dace da abincin. Babu shi. Mutum ɗaya ne ko biyu a hedikwata suke kiran manyan dillalai su ce a kawo farashi. Sharaɗin farko ba daɗi ba ne, yawa ne: za ka iya kawo katan dubbai a kan lokaci, kowane wata, kowace kwalba ta zama daidai da 'yar'uwarta? Manomin da gonarsa ba ta wuce a zagaye ta da ƙafa cikin rabin awa ba, ya faɗi tun kafin a buɗe kwalbarsa. Saura manyan kamfanoni, irin Gallo da wasu 'yan'uwa biyu suka kafa a Modesto ta Kalifoniya a 1933, wanda yau ya zama na gaba-gaba a duniya wajen yawan abin da yake sarrafawa, ko manyan ƙungiyoyin manoma na Italiya da Faransa da Sifaniya. A Amurka ma akwai ƙarin mataki, domin tun da aka ɗage haramcin giya a 1933 yawancin jihohi suka tsara cewa gidan abinci daga hannun dillali mai lasisi zai saya, ba daga mai yi kai tsaye ba. Ni dai ban ɗauki girman kamfani aibu ba. Suna da injiniyoyi da ɗakunan gwaji, kayansu ba kasafai suke zuwa a lalace ba. Abin da ba za ka samu ba shi ne mamaki.

Ana gane wannan daga sunan yankin. In ka ga an rubuta South Eastern Australia, ko Vin de France, ko Valle Central, ko delle Venezie, to yanki ne mai faɗin da za a iya haɗo inabi daga wurare masu nisan ɗaruruwan kilomita a gauraya. Goma sha tara cikin 34 na wannan takardar haka suke. Sunan inabin da ke jikin kwalba ma ba ya nufin shi kaɗai ne a ciki: dokar Tarayyar Turai ta wadatu da kashi 85 cikin 100, ta Amurka da kashi 75.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne sunayen da ba su da tushe. Na ɗauko waya na nemi guda shida daga tsakiyar jerin, ban ga ko ɗaya ana sayarwa a wani kanti ba. Ba za a gani ba, domin don gidajen abinci kaɗai ake buga irin wannan tambarin. A sa hoton wani tsohon gida a kan tudu, a raɗa masa suna mai daɗin faɗi, ruwan kuwa daga tanki ɗaya ya fito da wanda ke kanti da wani sunan. Amfaninsa guda ne: kada ka iya kwatanta farashi. Uwar ɗakina ta leƙo wayar ta yi dariya ta ce, "Har yanzu ba ka daina wannan binciken ba? Ai marayu ne, ba za ka samu danginsu ba."

Mu zo kan kuɗi. Abin da aka saba shi ne kwalba a gidan abinci ta ninka farashin sarinta sau uku, wani lokaci ta haura. Ban taɓa jin haushin wannan ba, don na ga inda kuɗin ke tafiya: haya, albashi, wanki, kofunan da muke fasawa kowane dare. Ribar abinci siririya ce, abin sha ne ke riƙe da gidan. Haushina yana kan yadda ake ɓoye lissafin kofi. Kwalba mililita 750 ce. Wannan gidan yana sayar da kofi mai 175 da mai 250. A ce kuɗin kwalba ɗari ne, to ƙaramin kofin suna sayar da shi talatin, babban talatin da takwas. Ƙaramin yana fita sau huɗu da ɗan ɗori daga kwalba, wato kwalbar ta koma kusan ɗari da ashirin da tara. Babban sau uku cif, ɗari da goma sha huɗu. Mutum biyu da kowannensu zai sha ƙaramin kofi biyu sun biya ɗari da ashirin, sun kuma bar wa gidan mililita 50 kyauta. Da kwalbar suka saya da sun rage kuɗi, an kuma buɗe musu sabuwa a gabansu. Ba wanda zai gaya maka wannan a tebur, mu ma a lokacinmu ba a ce mu faɗa ba.

Akwai kuma abin da babban kofin ke yi wa mutum ba tare da ya lura ba. Mililita 250 na jan da ƙarfin barasarsa ya kai kashi 14 cikin 100 awo uku da rabi ne a ma'aunin da hukumomin lafiyar Birtaniya ke amfani da shi, alhali shawararsu ita ce kada a wuce 14 a mako. Kofi ɗaya, rubu'in mako. Mai shan zai ce maka ai kofi biyu kawai ya sha, bai san ya kusa ganin gindin kwalba ba. A Ingila da Wales tun 2010 doka ta wajabta a tanadi ƙaramin awo na mililita 125 ga mai so. A takardar da ke hannuna ma akwai shi, a can ƙasa, da rubutun da sai da na kunna fitilar waya na karanta.

Mutane da yawa suna jin kunyar zaɓar mafi araha a gaban baƙo, sai su ɗaga yatsa zuwa na biyu. Daga nan aka samu zancen da ke yawo cewa masu gidajen abinci sun gano wannan, sun ɗora ribar da ta fi kauri a kan na biyun. Na yi shekaru ina maimaita shi kamar karatu. A 2021 wasu masana tattalin arziki biyu, David de Meza da Vikram Pathania, suka tattara takardun gidajen abinci 235 a Landan suka auna, sai ta bayyana ba haka ba ne: ninkin da ke kan na biyu bai kai na waɗanda ke binsa ba, a tsakiyar jeri ne ninkin ya fi tsanani. Da na karanta sai na tuna marayun nan shida. Duk a tsakiya suke.

To, aka fara kawowa. Farin gida, mafi araha a takardar, Sauvignon Blanc ne na Chile mai murfin murɗawa. Na sa hanci: ƙamshin ɓawon lemun tsami da ɗanyar ciyawa, tsaf, babu wani abu da ya gurɓata. Uwar ɗakina ta kurɓa ta ce, "Wannan yau aka buɗe shi, ƙila ma bai yi awa ba." Haka ne, domin shi ne ke tafiya. A daren da gida ya cika ana iya ƙarar da kwalba goma sha biyu na farin gida, babu wadda ke kwana. An ce araha ba ta ado, amma a gida mai rassa araha ce ke da rai, saboda ita ce ba ta zama. A reshen da na fi daɗewa, abu huɗu muke ɗorawa a kan odar kowane mako ba tare da mun duba sito ba: farin gida, jan gida, Prosecco mai kumfa na Italiya da wani ja da ake kira Malbec. Sauran talatin sai a yi wata ba a taɓa katan ɗinsu ba.

Pinot Grigio ɗin tsakiya, ɗaya daga cikin marayun, ya fi farin gida tsada da kusan kashi ɗaya cikin uku. Ya zo da sanyin da har kofin ke zufa. Firjin da ake ajiye lemo da ruwa yana kan digiri 3 ko 4, farin ruwan inabi kuwa tsakanin 8 da 12 yake buɗe ƙamshinsa. Muka ba shi minti goma ya huce ko zai ce wani abu. Bai ce ba. Lami ne, sanyin ne ke rufa masa asiri.

Malbec na Mendoza ta Ajantina shi ne wanda ya sauko daga kantar nan. Tun kafin ya iso hanci ƙarfin barasar ya riga ƙamshin isowa, yana yaji kamar turaren da aka fesa kusa. Ana yawan cewa jan ruwan inabi da zafin ɗaki ake shan sa, amma ɗakin da ake nufi na tsofaffin gidajen Turai ne masu katangar dutse, digiri 16 zuwa 18, ba saman injin gahawa ba. Na roƙi bokitin ƙanƙara. Yaron da ke yi mana sabis ya kalle ni kamar na ce a zuba gishiri a shayi, amma ya kawo. Muka tsoma gindin kofin minti biyar. Uwar ɗakina ta sake kurɓa, ta ɗaga gira: yajin ya kwanta, ɗanɗanon baƙaƙen 'ya'yan itace ya fito, baurin ya yi laushi, ya tafi daidai da gasasshen naman da ke gabanta. Ruwan kirki ne, farashinsa ma bai wuce hankali ba. Hedikwata ta saya da kyau, reshe ne ya dafa shi.

Sai Rioja, ja daga arewacin Sifaniya. Crianza ce, wato dokar yankin ta sa an ajiye ta shekara biyu, ɗaya aƙalla a gangar katako, kuma ita ce mafi tsada cikin masu fita kofi-kofi. Launinta ya ja zuwa ruwan ƙasa a gefen kofi. Na shinshina sai na ji tuffa da aka yanka aka bari ta kwana, da ɗan tsami-tsami a bayansa. Ruwa ba ya tsami banza. Na yafito yaron.

"Ƙanena, don Allah yaushe aka buɗe kwalbar nan?"

"Ina jin yau ne, Yallaɓai."

"Ɗauko mini ita in gani, ba faɗa ba ne."

Ya kawo. Saura kamar yatsa uku a ciki, an mayar da toshiyar a karkace, babu kwanan wata a jiki ko'ina. Uwar ɗakina ta karɓa ta juya ta, ta ce masa a hankali, "Ɗana, ba laifinka ba ne. Amma wannan ta kwana huɗu ko biyar. Shinshina ka ji, don gobe ka gane." Ya shinshina, ya yamutsa fuska, ya tafi ya kira manaja. Manajan bai yi gardama ba, ya buɗe sabuwa a gabanmu, ya kuma cire ta farkon daga lissafi. Sabuwar ta yi kyau ƙwarai, ƙamshin katako da jajayen 'ya'yan itace, har uwar ɗakina ta ce ita ce gwarzuwar daren. Wannan na yaba musu. Amma mutum nawa ne suka sha daga tsohuwar kwalbar a kwanakin nan, suka tashi da cewa su dai Rioja ba ta yi musu ba?

Ba zan yi kamar hannuna tsarkakakke ne ba. Na zuba irin wannan kofin da kaina, ba sau ɗaya ba. A wani reshe da na yi aiki akwai takardar asara da ake cikewa duk daren Lahadi, kuma duk kwalbar da ka zubar sai ka yi bayani a gaban manaja, shi kuma ya yi bayani a gaban na sama da shi. Don haka in kwastoma bai yi magana ba, kai ma sai ka yi shiru. Iska ce ke kashe ruwan inabi da zarar an buɗe shi, kwana biyu ko uku ne iyakarsa, mai kumfa kuwa kwana ɗaya ma da ƙyar. Maganin ba wani abu ne mai wuya ba: alƙalami a rubuta rana a jikin kwalba, a kuma sa ta a firji da dare ko da ja ce. Masu hali suna da na'urar Coravin da ta fito a 2013, wadda ke soka siririyar allura ta cikin toshiya ta zuƙo ruwan ta cike gurbin da iskar agon, kwalbar ta yi makonni ba ta canza ba. Wasu gidajen kuma sun koma ganga ta ƙarfe mai famfo, lita 19.5, daidai kwalba 26, wadda iska ba ta shiga. Mutane suna raina ruwan famfo, ni kuwa a gida mai rassa na fi amincewa da shi a kan kwalba ta goma sha ɗaya a jerin kofi-kofi. Jeri mai kofi shida da ke juyawa ya fi mai goma sha ɗaya da rabinsu ke barci.

Tun da na ambaci toshiya, bari in faɗi abin da ɗanɗanon nan da sabis ke zuba maka kafin ya cika kofi yake nufi, don na ga manyan mutane suna rikicewa a kai. Ba tambayarka ake ko ya yi maka daɗi ba. Ana so ka duba ko ya lalace. Toshiyar ɓawon itace takan ɗauko wani sinadari da ake kira TCA, wanda ke sa ruwan warin jiƙaƙƙen kwali ko ɗakin da ya daɗe a rufe da damina. In ka ji haka, mayar, haƙƙinka ne, gidan ma dillali zai mayar wa. Wannan matsalar ce ta sa masu yin ruwan inabi a New Zealand suka rungumi murfin murɗawa tun daga 2001, har yau kusan duk kwalabensu haka suke. Don haka murfin ƙarfe ba alamar ƙasƙanci ba ne. A gidan da yara masu watanni uku a bakin aiki ke buɗe kwalba, rahama ce.

Ɓangaren masu kumfa ba zan daɗe a kai ba. An rubuta Prosecco Extra Dry, a ƙarƙashi aka bayyana shi da cewa ba shi da zaƙi ko kaɗan. Kuskure ne, kuma na kowa da kowa. A ƙa'idar Turai Brut shi ne mai ƙasa da giram 12 na sukari a lita, Extra Dry kuwa 12 zuwa 17, wato ya fi Brut zaƙi duk da sunansa. Babu Cava, mai kumfa ta Sifaniya, a jerin, abin da ya ba ni takaici, domin ita a cikin kwalba ake tayar mata da kumfa kamar Champagne, ta yi aƙalla wata tara a kwance, ba a tankin ƙarfe kamar Prosecco ba, kuma farashinsu kusan ɗaya ne. Amma Prosecco ke sayar da kansa, hedikwata kuwa ba ta son abin da sai an yi bayani.

Can ƙarshen jajaye akwai Barolo na Italiya da Châteauneuf-du-Pape na Faransa, kowanne ya ninka jan gida sau uku da wani abu. Sunan yanki kawai aka rubuta, babu sunan wanda ya yi, babu shekara. A waɗannan yankuna kuwa sunan mai yi shi ne komai, domin akwai gwanaye akwai masu cin albarkacin suna. Barolo doka ta hana a fito da shi sai ya yi wata 38, 18 daga ciki a katako. A yi wa abu irin wannan renon sannan a tsayar da shi watanni a ƙarƙashin fitila yana shan tururin gahawa! Na hango ƙura a kafaɗar kwalbar daga inda nake zaune. Aikinsa a takardar ba a saye shi ba ne, aikinsa ya sa marayun tsakiya su zama kamar masu sauƙi. In kana da kuɗin Barolo, kai su inda ake kwantar da shi a wuri mai sanyi.

Akwai abu ɗaya da na nema tun farko, na kuma same shi. Kusan kowace takarda irin wannan tana da ɗan lele, wanda mai sayen hedikwata ya cusa don ransa ya yi sanyi bayan ya gama biyan buƙatar masu lissafi. Yawanci sunansa yana da wuyar faɗi, don haka ba a iya ɗora masa riba mai nauyi. A nan Picpoul de Pinet ne, daga gaɓar tekun kudancin Faransa, ɗan ƙaramin yanki mai iyaka sananniya, kuma shi kaɗai aka rubuta sunan masu yinsa. Da kwalba kawai ake sayar da shi, farashinsa ƙasa da na Pinot Grigio ɗin nan marar magana. Ba mu buɗe ba, don mutum ɗaya ke sha a teburinmu, amma na sa an kawo na duba: girbin bara waccan, yana firji, murfinsa lafiya. Da mu huɗu ne da shi zan sa a kawo. A nan ne kwalliya za ta biya kuɗin sabulu.

Ni kuma me na sha? Layi ɗaya aka ware wa irina, a ƙasan shafi na biyu: wani fari mai kumfa da aka cire wa barasa. Dabarar tsohuwa ce, sama da shekara 100 ke nan da aka fara ta a Jamus. Ana yin ruwan inabin sosai, sannan a sa shi a tukunyar da aka zuƙe wa iska, yadda barasar za ta tashi a ɗan ƙaramin zafi ba tare da an dafa ɗanɗanon ba. Matsalar ita ce barasa ce ke ba ruwan jiki, in ta fita sai ya zama sakayau, don haka masu yi sukan cike da sukari. Wannan ya sha sukari har yana manne wa leɓe, ya fi kusa da lemun kwalba. Kuɗinsa kuwa kaɗan ya rage ya kama na Prosecco. Amma ba wannan ne ya fi damuna ba. Takardar ta ce babu barasa. Na tambayi yaron, ya ce babu ko ɗigo. Na juya kwalbar, a bayanta an rubuta kashi 0.5 cikin 100. Ga ni da likitana wannan ba komai ba ne. Ga wanda ya ƙaurace wa barasa gaba ɗaya, ko don imaninsa ko don yana yaƙi da tsohuwar jaraba, bambancin 0.5 da 0.0 ba ƙarami ba ne, kuma ba aikinsa ba ne ya juya kwalba ya gano. Na nuna wa manajan, ya ce zai aika wa hedikwata. Na san tsawon wannan hanyar.

Da za a ce in koma, zan koma, amma da sharaɗina. Farin gida da kofi, ba fargaba. Malbec da kwalba, tare da bokitin ƙanƙara, ko za a kalle ni. Picpoul in muna da yawa. Duk wani kofi da ya haura na uku a jeri sai na ga kwalbar da idona. Tsakiyar takardar da ƙarshenta kuwa na bar wa masu katin kamfani.

Muna jiran rasit uwar ɗakina ta buɗe jaka ta zaro wani baƙin alƙalami mai kauri, irin wanda take ratayawa a wuya a da, ta miƙa wa yaron. "Riƙe, na ba ka. Duk wadda ka buɗe, rana da wata a bayanta." Ya karɓa da hannu biyu yana godiya. Muna sa riguna na waiwaya na gan shi ya sunkuya yana rubutu a jikin sabuwar Rioja ɗin, a tsanake, har yana hura tawadar ta bushe. Ya toshe ta da kyau, ya yi ɗage, ya mayar da ita saman injin gahawa.